Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarki Kan Halin da Tsohon Lambun Adana Tsirrai Yake Ciki

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
Ta hannun Mai Girma Hakimi,
Kwafi ga Shugaban Ƙaramar Hukuma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, mu da muka sa hannu a wannan takarda ma'aikatan lambu ne da malaman gandun daji, na bakin aiki da waɗanda suka ajiye, tare da malaman makarantu, masu maganin gargajiya da mazauna unguwannin da ke kewaye da tsohon lambun adana tsirrai. Mun kawo kuka ne saboda lambun yana mutuwa a tsaye. Mai wucewa ta bakin titi zai ga inuwa da ganye ya ce lafiya lau, amma wanda ya san itace yana ganin ƙololuwa tana bushewa, ganye yana ƙanƙancewa, alamomin suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Yawancin abin da ke kashe shi maganar Sarki za ta tsayar da shi tun kafin a kai ga batun kuɗi, shi ya sa muka fara da fada.

Abin da ya raba irin wannan lambu da wurin shan iska shi ne rubutu. Ƙungiyar lambunan tsirrai ta duniya, BGCI, wadda aka kafa a 1987, ta bayyana shi a matsayin wurin da ake riƙe da tsirrai masu rai waɗanda aka rubuta asalinsu, domin bincike, adanawa, nunawa da koyarwa. A kan wannan turba lambun Padua na Italiya yake tun 1545, haka na Kew a Ingila tun 1759, da na Aburi a Gana tun 1890, da na Limbe a Kamaru tun 1892. Rahoton da BGCI ta fitar a 2021 ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na nau'o'in itatuwan duniya suna cikin barazanar ƙarewa. Madobiya, wadda kowa ya sani, sai da aka sa ta a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke cikin barazanar ƙarewa tsakanin ƙasashe, daga 2017 saboda yawan sara da fitar da katakonta. Duk madobiyar da ta girma a cikin katanga, aka san inda aka samo irinta, yau dukiya ce.

Babban kukanmu yana ƙarƙashin ƙasa. An mayar da inuwar manyan itatuwa wurin ajiye motoci da kafa rumfunan biki, ana girke janareta a gindinsu. Jama'a da yawa suna zaton saiwar itace nutsewa take yi can ƙasa inda babu abin da zai taɓa ta. Gaskiyar magana, mafi yawan ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma suna bazuwa har su wuce inda rassa suka tsaya. Saiwa tana numfashi ta ƙananan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan taya da ƙafa suka yi ta bi, ƙasa ta daɓe kamar daɓen ɗaki, iska ba ta shiga, ruwan sama ya kwanta a sama ko ya gangare, saiwoyin su shaƙe. Mugun abin shi ne itace ba ya nuna ciwon nan take. Sai bayan shekara uku, biyar, wani lokaci fiye, sannan kan itacen ya fara bushewa, a lokacin kuwa babu mai tuna motocin da suka jawo, sai a ce tsufa ne.

Mutanen Kew ma sun daɗe ba su gane wannan ba. A guguwar Oktoba 1987 da ta kayar musu da ɗaruruwan itatuwa, iska ta ɗaga wani tsohon itacen oak da aka dasa a 1798, ta ciccibe shi da faifan saiwarsa ta mayar da shi raminsa. Itacen da yake ta ramewa kafin guguwar sai ya murmure, domin girgizar ta sassauta ƙasar da ƙafafun baƙi suka danne shekara da shekaru. Daga nan suka ɗauki al'adar hura iska cikin ƙasar gindin tsofaffin itatuwa da lulluɓe ta da ruɓaɓɓen ganye da ɓarzajjen itace.

Maganin da muke roƙon Sarki ya ba da umarni a kansa mai sauƙi ne. A auna kaurin kututture a tsayin mita 1.5 daga ƙasa, a ninka shi sau 12, abin da ya fito shi ne nisan da za a killace daga jikin itacen ta kowane ɓangare. Wannan shi ne ma'aunin da ake aiki da shi a Ingila wajen gini kusa da itace, kuma ga itacen da ya tsufa ƙwarai masana suna kai shi ninki 15. Ga mai igiyar awo kaɗai, ya zagaya kututturen da ita ya ninka abin da ya samu sau huɗu: itace mai kewayen mita 2.5 yana bukatar kimanin mita 10. A cikin wannan da'ira ba mota, ba rumfa, ba tona ramin bututu ko harsashin gini, ba jibge yashi ko bulo, ba ƙara ƙasa a kan ta da. A sassauta ƙasar da cokalin lambu mai yatsu, a soka a ɗan girgiza a zare, kada a juya ta da fartanya ko garma domin hakan tsinka saiwa yake yi. Sai a shimfiɗa busasshen ganye da ruɓaɓɓen taki kaurin santimita 5 zuwa 10, a bar tazarar tafin hannu biyu daga jikin kututture, don idan ya manne da ɓawo yana riƙe laima ya jawo ruɓa da gara.

Nan ma akwai laifin da ake yi da kyakkyawar niyya. Masu shara suna tara ganye a gindin itace su cinna wuta. Ganyen nan shi ne abincin ƙasar, wutar kuma tana dafa ɓawon gindi ta buɗe ƙofar da ruɓa za ta shiga har ta rarake cikin itacen. A haƙa ramin taki a gefe guda, ganyen da aka share daga hanyoyi ya tafi can.

Sai sassaƙe. Madaci, kirya, marke da madobiya duk sun sha gatari, wasu har an zagaye su. A ƙarƙashin ɓawo akwai wani siririn rufi mai danshi wanda ta cikinsa abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa. Idan aka yanke shi ya haɗe kewaye, ruwa yana ci gaba da hawa ta cikin itacen, ganye ya zauna kore wata da watanni, amma saiwar tana mutuwa da yunwa. Sassaƙen da ya wuce rabin kewaye da wuya itace ya warke daga gare shi. Masu magani na gaskiya suna cikin masu wannan koke, kuma su ne suka fi kowa sanin cewa itacen da aka kashe ba ya sake ba da magani. Roƙonmu a hana sassaƙe a cikin lambun gaba ɗaya, a ware fili a gefensa inda za a dasa itatuwan magani da yawa domin amfani, ƙarƙashin kulawar shugabannin masu maganin da kansu. Hani kaɗai ba tare da madadin ba, katanga za a riƙa haurawa da dare.

Kauci ya cika rassan ɗorawa da kaɗanya. Tsuntsaye ne ke yaɗa shi, 'ya'yansa masu danƙo suna mannewa a reshe su kafa saiwa cikin naman itacen. Fizge ganyensa ba ya kashe shi. Sai an yanke reshen aƙalla santimita 30 ƙasa da inda ya kama, kuma kafin 'ya'yansa su nuna. Yankan babban reshe sau uku ake yi: a fara tsagawa ta ƙasa, kimanin santimita 30 daga kututture, zurfin sulusin reshen, a yanke ta sama ɗan gaba da nan har ya faɗi, sannan a cire guntun da ya rage daidai bakin kumburin da ke gindin reshen, ba a shafe shi da jikin kututture ba. Wanda ya yanka sau ɗaya daga sama, nauyin reshen zai ɗaye ɓawo har ƙasa. Kada a shafa wa wurin fenti ko baƙin mai, kada a cika kogon itace da siminti, duka biyun laima suke rufewa a ciki. Kuma kada a rage wa itace fiye da rubu'in ganyensa a shekara guda. Ga tsoho, ƙasa da haka sosai.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi tayar mana da hankali bayan saiwa shi ne rajistar lambun. Gara da ɗigar rufi sun ci wani sashe na tsohon kundin, alamomin ƙarfe da ke jikin itatuwa an kwashe da yawa, dattawan da suka san wane itace daga ina aka kawo shi suna ta raguwa. Itacen da aka rasa asalinsa inuwa ce kawai ta rage masa; mai bincike ba zai iya dogara da shi ba, mai neman iri don farfaɗo da daji bai san ko ya dace da ƙasarsa ba. Wannan aiki ba ya jiran kasafi. Mu da kanmu za mu yi shi idan aka ba mu izini da mabuɗin ofis.

Kowane tsiro zai sami lambarsa da ba a sake ba wani ko da ya mutu, shekarar shigowa a gaba sannan lambar jeri. A gaban lambar a rubuta sunan kimiyya da wanda ya tabbatar da shi, sunayen gida, inda aka samo shi, daga daji ne ko daga wani lambu, iri ne ko reshe ko aure, da gurbinsa a taswira. A raba lambun gida-gida a kan taswirar, kowane gida da harafinsa. Alama biyu ake sa wa itace: babban allo na baƙi, da ƙaramin faranti na alminiyam mai lambar kaɗai a ɓoyayyen gefe, don idan an sace ɗaya ɗayan ya rage. Kada a ɗaura shi da waya a zagaye reshe, itace yana kumbura ya haɗiye wayar ta shaƙe shi. A kafa doguwar ƙusa marar tsatsa a bar mata tazara, ana ɗan zaro ta duk shekara biyu. Daga kowane nau'i a ɗauki reshe mai fure ko 'ya'ya a danne tsakanin jaridu, ana sauya jaridun kullum a kwanakin farko don kada funfuna ta kama, idan ya bushe a sa shi a firiza na mako guda ya kashe ƙwari da ƙwayayensu kafin a manna a kati. Kundin ya zama kwafi uku, na takarda a lambu, na kwamfuta, da wanda za a ajiye a fada. Sau ɗaya a shekara a bi itatuwan da kundin a hannu, a rubuta wanda ya mutu da abin da ya kashe shi. Kafin komai kuwa, a zaga da dattawan ma'aikata gida-gida ana naɗar bayaninsu.

Wurin renon dashe ya koma kango, alhali shi ne zuciyar aikin adanawa. Iri daga uwa ɗaya ba ya ceton nau'i. A 1895 John Medley Wood na lambun Durban ya tarar da wani tsiro mai kama da dabino a dajin Ngoye na Afirka ta Kudu, gindi guda mai kututture huɗu, namiji. Har yau ba a sami macensa ba, duk waɗanda ke lambunan duniya 'ya'yan gindin wannan ɗayan ne, ba za su taɓa yin iri ba. Shi ya sa ƙa'idar masu tara iri ita ce a ɗebo daga uwaye 50 ko fiye idan da hali, masu nisa da juna, kuma kada a kwashe fiye da kashi 20 cikin 100 na irin da ya nuna, a bar wa daji rabonsa.

Iri kashi biyu ne, kuma rashin bambanta su ke jawo asara. Na kuka, gawo, kirya, ɗorawa da tsamiya suna jure bushewa. Rumbun iri na Kew da ke Wakehurst, wanda aka buɗe a 2000, yana busar da irin wannan a laimar iska kashi 15 cikin 100 da sanyin digiri 15, sannan ya rufe a kwalabe ya ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili. Ƙaramin lambu yana iya kusantar haka da bokiti mai murfin da iska ba ta ratsawa da ƙwayoyin silika masu sauya launi idan sun ƙoshi da laima, sai kwalabe masu zoben roba da firiza mai aiki da hasken rana. Tsohuwar ƙa'idar wani masanin iri mai suna Harrington ta ce duk ragin kashi 1 cikin 100 na ruwan jikin iri, ko ragin zafi digiri 5, yana kusan ninka kwanansa. Kurakuran da aka fi yi biyu ne: sa ɗanyen iri a firiza, ruwan cikinsa ya daskare ya fasa shi, da buɗe kwalba tana fitowa daga sanyi, raɓa ta kwanta a kan irin. A bar ta ta huce tukuna. Irin kaɗanya kuwa bushewa ke kashe shi, cikin 'yan makonni ya daina tsira, don haka shuka shi ake yi da zarar ya faɗo, kuma adana kaɗanya sai dai a raye a cikin lambu. Iri mai taurin ɓawo kamar na gawo da kirya sai an ɗan karce shi da zarto ko almakashin farce ta gefen da ba idon ba, ko a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana. A leda, a haɗa ƙasar sama kashi biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya, a huda gindin ledar. Yawan ban ruwa da cunkoso ke sa ƙananan dashe su ruɓe daga wuya su kwanta. A riƙa ɗaga ledojin duk mako biyu don kada uwar saiwa ta huda ta kama ƙasa, a rage inuwa da ruwa makonni kaɗan kafin dasawa. Duk baƙon tsiro da aka kawo a killace shi gefe a ga lafiyarsa da halinsa, domin kainuwar nan mai shuɗin fure da ta toshe koguna da tafkuna a Afirka, don ado aka fito da ita daga Kudancin Amurka.

Game da ɗalibai, abin da ake yi yanzu shi ne a sauke aji guda ko biyu su watsu cikin lambu, su karya rassa, su koma ba su ƙaru da komai ba. Ƙungiya kada ta wuce yara 15 zuwa 20 ga mai jagora ɗaya, zagayen kada ya wuce awa guda, malaminsu kuma ya zo tun kafin ranar a zaɓi abu ɗaya da za a koya. Yaro ya auna tsayin rimi ta hanyar gwada inuwarsa da inuwar sanda mai mita ɗaya. Ya shuka ƙwayar gawo 20 yadda take, 20 da aka jiƙa, 20 da aka karce, ya ƙirga masu tsira bayan mako biyu. A tambaye shi me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Amfanin wannan ya wuce jarrabawa. A tsibirin Rodrigues, wajen 1980, wani malami ya nuna wa ɗalibansa zanen wata bishiya dangin kofi da aka ɗauka ta ƙare a duniya, ɗaya daga cikinsu ya je ya samo ta a bakin hanya, ita kaɗai ta rage. Aka kai rassanta Kew a 1986, bayan shekaru aka samu ta yi iri, aka mayar da 'ya'yanta tsibirin. Uwar kuwa sai da aka kewaye ta da shinge a kan shinge saboda masu yankar ta don magani.

Baƙi muna son su yawaita, lambun da ba a shiga ba shi da mai kare shi. Sai dai a ba su hanya. Babbar hanya ta kai faɗin mita 1.8 don keken guragu biyu su gifta, gangarenta kada ya wuce mita 1 a cikin 20, da magudana a gefe, ta bi ta wajen da'irar tsofaffin itatuwa. A gyara banɗaki da famfon sha, a matsar da bencina daga ƙarƙashin matattun rassa. Kafin damina a duba kowane babban itace da ke kan hanya: naman kaza a gindi, tsagewa a marabar rassa, ƙasa da ta ɗaga ta gefe guda, duk alamun faɗuwa ne. Ranar iska mai ƙarfi a rufe ƙofa. Biki a keɓe masa fili ɗaya marar manyan itatuwa, motoci a waje. Tsirrai masu wuyar samu kada a kafa musu allo a bainar jama'a. A Kew ma, da duk tsaronsu, an sace ƙaramin badon Ruwanda a 2014. Kuɗin ƙofa a karɓe shi da tikiti mai lamba, ya shiga asusun lambun da mutum uku ke sa wa hannu, a manna lissafinsa a bakin ƙofa duk wata uku.

Akwai kuma maganar iyaka. Katanga ta zube a wurare, dabbobi suna shiga su cinye dashe, kuma ana ta raɗe-raɗin yanka filaye a gefen lambun. Muna roƙon Mai Martaba ya sa baki a kawo masu safiyo su fitar da iyakar bisa tsohuwar taswira, a kafa turakun siminti a gaban masu unguwanni, a rubuta cewa ba a yanka ko taku ɗaya. A share faɗin mita uku a bin katanga kafin ciyawa ta bushe saboda gobara.

Don haka, ranka ya daɗe, muna roƙon a yi shela ta bakin dagatai da masu unguwanni kan hana ajiye mota, kafa rumfa, sassaƙe, kiwo da cinna wuta a lambun, a kuma turo wakilin fada ya zaga tare da mu ya gani da idonsa. Muna roƙon a naɗa kwamitin amintattu da ya ƙunshi fada, ƙaramar hukuma, malaman gandun daji, makarantu da masu magani. Muna roƙon Sarki ya rubuta wa hukumar da lambun ke ƙarƙashinta ta naɗa masa shugaba masanin tsirrai, da mai riƙe kundi, da mai kula da reno, ta ɗauki matasa su koyi aiki a hannun dattawan tun suna da ƙarfin nunawa, ta kuma sa sunan lambun a rajistar BGCI don a sami musayar iri da horo da sauran lambuna. Killace gindin itatuwa da cire matattun rassa muna roƙon a fara su kafin saukar ruwan farko, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi saurin dannewa a ƙarƙashin taya, kuma guguwar farkon damina ce ke kayar da itacen da saiwarsa ta riga ta raunana.

Allah ya taimaki Sarki, ya ja zamaninsa.

Sa hannu, a madadin masu koke:
Wakilin ma'aikatan lambu
Wakilin malaman gandun daji
Wakiliyar malaman makarantu
Wakilin masu maganin gargajiya
Wakilan unguwannin da ke maƙwabtaka da lambun